Motar Nasiru Mai Mutuwa da Sanyin Safiya

Da sunan Allah, mai tsare na kan hanya da na cikin gida.

Zuwa ga ɗana Nasiru. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kun sauka lafiya, kai da matarka Sa'adatu da jikata Ummi. Allah ya sa ka shiga aikin nan a sa'a, ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙunta. Innarka tana gaishe ku. Gaisuwa ta tsaya nan, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba.

Raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Na zaɓi takarda ne saboda na san halinka. In na kira ka a waya, "To Baba, to Baba" za ka yi ta jera mini, kafin in ajiye ka manta rabi.

Jiya da safe a ƙofar gidana ka ɗaure katifa a saman mota, ka cika but da gero da tukwane, ka zaunar da matarka a gaba da cikin wata takwas. Ka murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya, ta ja numfashi kamar uku, ta yi karkarwa, ta mutu. Ka sake, ta sake. A karo na uku ka danne totur har kajin maƙwabta suka watse. Na ce, "Nasiru, me ke damun motar nan?" Ka leƙo ta taga kana dariya, ka ce, "Baba, ai halinta ne. In ta ɗau zafi lafiya lau take." Wallahi ba don idon matarka ba, da na zare makullin nan na jefa aljihu, ku kwana a Gaya.

An tura ka malamin gona a ƙauyen da ke bayan Ajingi, inda sai an ci yashi da burji kafin a ga kwalta. Haihuwar Ummi a gidan su Sa'adatu aka yi ta a Kademi, a hannun uwarta. Wannan karon a hannunka take, kai kaɗai, kuma watanta tsakiyar sanyi zai faɗo. Naƙuda ba ta jiran inji ya ɗau zafi. Ban da wannan motar ba ka da abin da za ka kai ta asibiti da shi, kai kuwa kana yi mini dariya ta taga.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne maganar da ka yi tawa ce. Ni na fara yin ta, tun ba a haife ka ba. Ka san na yi shekaru ina jan mota daga Gaya zuwa Wudil zuwa Kano, ranar kasuwar Ajingi in juya can. Ka taso kana jin 'yan tasha suna ce mini gwani. To yau ka ji irin shirmen da gwanin ya tafka da motarsa ta farko, wata tsohuwar wagon mai kafireto, lokacin muna zaune a Balan a gidan kakanka.

Da sanyi ya shigo a shekarar da na saye ta, sai ta fara abin da taka ke yi. Ta tashi, ta yi rawar ɗari, ta mutu. Maimakon in tambayi kaina dalili, sai na koyi dabarun rufe mata asiri. Na ajiye kwalbar fetur a ƙarƙashin kujera, kullum da safe in buɗe bonet in tsiyaya mata cikin murfin kwalba a bakin kafireto. In ta kama, in tsaya a kan totur har sai maƙwabta sun fito suna tsaki. Da na gaji da wannan, na sa sukudireba na ɗaga mata silo, wato gudun da inji ke yi in mota tana tsaye. Sai ga ta da rana tana ihu a tasha tana shan mai, da safe kuma tana nan tana mutuwarta. Ina ganin wayo nake yi. Ashe ciwon nake lulluɓewa don kada in gan shi.

Na ji kukan taka jiya, kuma kunnena bai tsufa ba tukuna. Wani ya ja mata wayar totur ya ɗaga silo. Ka sa a mayar da shi inda yake. Sannan gobe da safe, kafin ka taɓa komai, ka zauna ka kula da ita kamar yadda kake kula da gonar da ta ƙi yi. Ka murɗa makulli rabi, kada ka tayar, ka kasa kunne ta baya wajen tanki. Famfon mai zai yi ɗan gurnani ya tsaya. In ba ka ji ba, ko ka ji yana yi da ƙyar, ka riƙe wannan a ranka. Ka kashe ka kunna haka sau biyu ko uku kafin ka tayar. In bayan haka ta tsaya ba ta mutu ba, to mai ne ke komawa tanki yana barin layi fayau, sai a duba famfo da filta. In kuwa ta mutu duk da haka, ka sake tayarwa ka ɗan taɓa totur kaɗan. In ƙafarka tana riƙe ta, kana ɗagawa ta mutu, to lissafin iska da mai na lokacin sanyi ne ya rikice. Ka zagaya bayan mota ka dubi salansa. Baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur yana nufin mai ya yi yawa. Ka buɗe bonet ka saurara. In ka ji wani siririn sauti kamar tsaki mara ƙarewa, tiyo ya tsage yana satar iska. Duk wannan ba ya buƙatar sifana ko ɗaya, ido ne da kunne da haƙuri, kuma na ƙarshen ne ba ka da shi.

Shirmena na biyu ya fi na farko ban haushi. Da abin ya ishe ni na fara kai ta gareji. Amma yaushe? Sai na yi sawu ɗaya Kano na dawo, rana ta take, inji ya yi zafi jau. Bakanike ya murɗa makulli, ta tashi tana kuka lafiya lau. Ya dube ni ya ce, "Direba, ai motarka ƙalau take. Amma bari mu canja fulogi." Aka canja. Gari ya waye ta mutu. Na koma wajen wani, shi kuma ya ce koyil. Na uku ya ce famfo. Na huɗu ya wanke kafireto da fetur yana hurawa da baki, ya mayar, ya ce an gama. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa ganin motar tana mutuwa, ni ma ban ga wautata ba. Na kai musu mota mai lafiya ina cewa su yi mata magani, suka yi ta canke.

Don haka ka ji da kyau. Motar da ciwonta na safe ne, da safe ake duba ta. Ka kai ta da yamma ka bar ta ta kwana a gareji, ka yi asubanci ka tsaya a kan bakaniken lokacin da zai murɗa makullin farko. Duk wanda ya ce maka ba sai ta kwana ba, ya riga ya san matsalar, ka ɗauki motarka ka yi gaba. Kuma abu ɗaya ake taɓawa a rana, a jira wata safiyar a gani. In aka canja uku lokaci guda ta warke, ba ka san wanne ne ba, ranar da ta dawo da halinta ka koma farko. Kada ka yarda a ce za a sauke inji. Injin da ke gudu lafiya da rana ba shi ne mai laifi ba.

Shirmena na uku ina jin kunyar rubuta shi. Da na rasa wanda zan ɗora wa laifi, sai na ɗora wa Malam Iro, wani dattijo da ke sayar da fetur a galan a bakin tashar Gaya. Na tsaya a gaban mutane na ce yana haɗa mansa da kananzir. Ya ce, "Haba direba, ka ji tsoron Allah. Motoci nawa ke shan man nan, taka kaɗai ke mutuwa?" Na ce masa ɓarawo. Direbobi da yawa suka daina tsayawa wajensa saboda bakina. Da gaskiya ta fito na je na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma har ya rasu in na gaishe shi a taƙaice yake amsawa. Mai marar kyau ba ya zaɓar lokaci, Nasiru, yana damun mota safe da rana. Da na tsaya na yi wannan ɗan tunanin, da ban zubar wa bawan Allah mutunci ba. Na ji ka shekaranjiya kana cewa man gidajen mai na yanzu ne ba shi da kyau. Ka kama bakinka har sai ka san abin da kake faɗa.

Wanda ya gano ciwon wani tsohon bakanike ne a Gaya, Malam Bukar, cikin Barebarin nan da suka daɗe a garin. Ba ya son surutu. Ya ce in bar ta ta kwana. Da aka idar da sallar asuba muka je tare, ya cire murfin kafireto, bai ma tayar da ita ba, ya haska tocila ya ce, "Wa ya ɗaure wannan?"

Na leƙa. Wayar ƙarfe ce aka naɗe cok da ita, a buɗe.

Cok wata 'yar ƙofa ce a bakin kafireto. Inji mai sanyi yana son mai da kauri, iska kaɗan, kamar yadda tsoho ke son kununsa da safe. Ƙofar nan ita ke rufe iska har inji ya ɗumama, sannan ta buɗe da kanta. Tawa an ɗaure ta ba ta rufuwa. Malam Bukar ya kwance tiyon lagireto na sama, ya zura yatsa, ya ce, "Tamostat ɗin ma babu." Shi kuma wani ɗan ƙarfe ne da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafi kafin ya sake shi ya zaga lagireto. In babu shi, ruwan sanyi ke ta zagaye tun daga bugun farko, inji ya yi tafiya mai nisa bai ɗumama ba.

Nan take na tuna. Da bazara, watanni kafin sanyin, ruwa ya taɓa tafasa mini sau ɗaya kusa da gadar Wudil. Wani bakanike na bakin titi ya zaro tamostat ya wurga cikin kwata, ya ce, "Wannan na ƙasar ƙanƙara ne, mu nan me za mu yi da shi?" Ya ga cok ya ce shi ma shan mai kawai yake sawa, ya ɗaure shi. Na yi masa godiya har da addu'a. Na dawo tasha ina ba wasu shawara su ma su cire nasu. Ashe lagireto ne ya toshe da laka, wanki kawai yake so. Duk tashar nan haka muke yi, har gobe haka ake yi, kowa na cewa ƙasarmu zafi gare ta. Ga mu kuwa duk shekara muna kwana da bargo biyu wata uku cur, amma babu mai tunawa da wannan in yana tsaye a rana a watan bazara.

Malam Bukar ya warware wayar da filaya, ya sa wani tamostat, ya sauke silo. Bai kai minti talatin ba. Washegari ta tashi bugu ɗaya, ta tsaya daram.

Taka ba ta da kafireto, mai nozul ce da ke fesa mai cikin inji, na sani, kada ka ce mini zamani ya canja. A madadin cok tana da wata 'yar sensa a hanyar ruwa, ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar motar cewa inji da sanyi, a ƙara mai. Akwai kuma ɗan bawul a maƙogwaron totur da ke ba ta iska in ƙafarka ba ta kan feda, baƙin datti yana toshe shi. Jiya kana murɗa makulli, tun inji bai tashi ba, fankarka ta hau ruri. An yi mata dairek ke nan, wato an jona ta kai tsaye da makulli. Ranar da ka buɗe bonet kana zuba ruwa na hango soket guda yana lilo, an naɗe bakinsa da baƙin salatif. Kuma ranar da ka kai ni Wudil, muka je muka dawo allurar zafi tana kwance ba ta ɗaga kai ba. Ka ce mini alamar lafiyar inji ce. Alamar an yi mata irin aikin da aka yi wa tawa ce. Ban rantse cewa shi ne ciwon gaba ɗaya ba, don ni ban buɗe ta ba. Amma daga nan za a fara: a mayar da tamostat, a mayar da fanka kan tsarinta, a gwada sensar a jona ta, a wanke bawul, a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ban kai wa Malam Bukar motar tawa ba sai da aka makara.

Ka san an yi wani kafin kai, an ce maka bai zo da rai ba. Iyakar abin da ka sani ke nan. Wata safiya a cikin sanyin nan, mun dawo daga masallaci, na tarar da ungozoma a tsakar gida a Balan. Innarka ta kwana tana naƙuda, jini ya ɓalle. Matar ta ce, "Wannan ya fi ƙarfina, ku yi asibitin Gaya yanzu yanzu." Muka kwantar da ita a kujerar baya, kakarka ta riƙe mata kai. Na murɗa makulli. Mota ta tashi, ta mutu. Na laluba kwalbar fetur, babu ko ɗigo, na ƙarar da shi jiya ban cika ba. Sai a bugu na biyar ta kama. Na fita da ita ina danne da totur.

A kwarin da ke bayan gari garken shanu ya tare hanya. Dole na ɗaga ƙafa. Mota ta mutu a tsakiyar yashi. Na buga, ta tashi, ina sa giya ta mutu. Na buga. Na buga. Batir ya fara ja da ƙyar. Ina jin innarka daga baya, muryarta ƙasa-ƙasa, tana cewa, "Malam, kwantar da hankalinka, yanzu za ta ɗau zafi." Maganata ce da ta saba ji kullum, ita da ke zubar da jini take lallashina da ita. Bugu biyu bayan nan batir ya ɗauke gaba ɗaya. Makiyayin da wasu mutum biyu suka gwada turi, mota ta ƙi motsi a yashi.

A amalanken shanu muka ƙarasa da ita bakin kwalta, daga nan aka samu mota. Hantsi ya dubi ludayi kafin mu shiga asibiti, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba in mota lafiya take. Aka ceto innarka da ƙyar. Yaron namiji ne. Ma'aikaciyar da ta miƙo mini shi a zane ta ce, "Da kun zo da wuri."

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka, ajali na Allah ne. Amma wayar da ke kan cok ɗin ba daga sama ta faɗo ba, a gabana aka ɗaura ta ina godiya. Wata biyu motar nan tana gaya mini kowace safiya cewa ba ta da lafiya, ina ce mata halinta ne. Mutane suna zaton kai ne ɗan farina, suna mamakin yadda nake kiran sunanka gatsau ba kunya. Wanda ya kamata in ji kunyar sunansa ko suna bai samu ba. Innarka ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ko sau ɗaya a shekarun nan, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

To ga hukuncina, ba shawara nake nema ba. Na ba ka mako guda. Ranar Juma'a ta sama zan shigo motar Ajingi in zo in kwana a gidanka. In aka idar da asuba ni zan murɗa makullin da hannuna, ina tsaye a waje, babu ƙafar kowa a kan totur. In ta tashi ta tsaya, zan sa maka albarka in koma. In ta mutu, zan ɗauki shatar mota a ranar in taho da Sa'adatu da Ummi Gaya, su zauna wajen innarka har a yi suna. Ka ji haushi in ka ga dama, ka ce na shiga gidanka. Na shiga ɗin.

Ban gaya wa innarka abin da nake rubutawa ba. Amma jiya da motarka ta mutu karo na biyu, ta bar ƙofar gida ta shige ciki ba ta tsaya ɗaga muku hannu ba. Yau da safe na tarar ta share ɗakin baya, ta shimfiɗa katifa, ta wanke babbar tukunyar ruwan zafi ta kife a rana. Ban tambaye ta ba.

Allah ya tsare ku a inda kuke, ya tsare ka a kan hanya safe da yamma. Allah ya sauki Sa'adatu lafiya, ya ba ka abin da ke cikinta a hannunka yana kuka. Allah kada ya nuna maka safiyar da ya nuna mini.

Wassalam.

Mahaifinka,
daga Gaya.